KAR KI TAMBAYE TA "ZA KI IYA?", TAMBAYE TA "ME KIKA TAƁA YI?"

 Wannan shi ne jawabin da aka gabatar ranar Asabar a taron shugabannin mata na mazaɓu, a cikin birnin Zariya. An rubuta shi ne saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Don Allah kowace shugaba ta tura wa matan mazaɓarta, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na ga na Kwarbai A da Kwarbai B, na ga na Kaura da Limancin Kona, ga na Unguwar Juma da Unguwar Fatika can. 'Yan uwanmu na bayan ganuwa, na Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur da Kufena, da waɗanda suka taso tun daga Dambo, Wuciciri da Dutsen Abba, Allah ya ba da ladan zumunci. Mazaɓu 13 ne a ƙaramar hukumar nan, kuma kowace ta turo wakiliya. Alhamdu lillahi.

An ce in yi magana a kan yadda za mu zaɓi matan da za mu ba aiki. To ni ba zan yi kwana-kwana ba, zan fara da laifinmu, har da nawa.

*Abin da ya same mu*

A zaɓen da ya wuce ina cikin waɗanda suka rubuta sunayen wakilan akwati, ejan-ejan ɗin nan, a mazaɓarmu. Cikin dare ɗaya muka gama lis. Yaya muka yi? Wannan 'yar wance ce, a sa ta. Wannan ba ta fashin taro, a sa ta. Wannan muryarta ta fi ta kowa in ana waƙar jam'iyya, a sa ta. Kowace muka kira muka ce, "Za ki iya?" sai ta ce, "In sha Allahu zan iya, Hajiya, ko da raina ne." Shi ke nan, an gama intabiyu.

Ranar zaɓe ta zo. Wata ta tafi cin abinci da azahar, ba ta dawo ba sai da aka gama ƙirga. Wata ta tsaya har ƙarshe, baiwar Allah, amma da aka miƙo mata takardar sakamako sai ta sa hannu ba ta duba lissafin ba, don kunya ta hana ta ce ba ta gane ba. Wata kuma wayarta a kashe tun la'asar, sai bayan kwana biyu muka ji abin da ya faru. Ba zan kama suna ba, kuma ba na zagin kowa. Su ba su yaudare mu ba. Mu ne muka yi tambayar da kowa ya san amsarta. Wace ce za a ce mata "za ki iya?" a gaban manya ta ce "a'a"?

Ku tuna wahalar da muka sha. Watanni muna shiga gida-gida, lungu-lungu, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Kuyambana, muna lallashin mata su karɓo katin zaɓe. Tsofaffi sun tsaya a layi cikin rana. Duk wannan wahalar a kan takarda ɗaya take ƙarewa, wadda hukumar zaɓe take kira EC8A. In wadda muka ajiye a wurin ba ta iya tsare ta ba, to mun yi noma ne wani ya girbe.

Kuma ba maganar ejan kaɗai ba ce. Akwai sakatariyar mazaɓa, akwai ma'aji, akwai kodinetocin shiga gida-gida, akwai waɗanda ake damƙa wa rabon tallafi in ya zo, shinkafa ce ko atamfa ko jari. Duk waɗannan ɗaukar aiki ne, ko da albashi ko babu. In aka ba wadda ba ta dace ba, sunan jam'iyya ne yake ɓaci, kuma a ce ai mata ba su iya riƙe amana ba. Wannan kalmar ita ta fi yi mini ciwo.

*Dabarar ba sabuwa ba ce*

Abin da nake so mu koma a kai abu ne mai sauƙi. Mutum in kana so ka san abin da zai yi gobe, dubi abin da ya yi jiya a irin wannan halin. Mu daina tambayar alkawari, mu koma tambayar labari. Maimakon "za ki iya riƙe kuɗi?" sai mu ce, "Ba mu labarin wani lokaci da aka ba ki ajiyar kuɗin mutane. Nawa ne? Na su wa? Me ya faru?"

Kar wata ta ce wannan boko ne. Ku tuna ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a cikin Suratul Ƙasas. Ya isa rijiyar Madyana ya tarar da makiyaya suna shayarwa, ga 'yan mata biyu a gefe sun tsare dabbobinsu. Ya shayar musu bai nemi komai ba. Da suka koma gida, ɗaya daga cikinsu ce ta ba mahaifinsu shawara ya ɗauke shi aiki, saboda ƙarfinsa da amanarsa. Mace ce fa ta ba da wannan shawarar. Kuma ba cewa ya yi mata yana da ƙarfi da amana ba, gani ta yi a aikace.

Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai ɗaukar mutane su yi mata fatauci. Ta ji labarin gaskiyar Manzon Allah da riƙon amanarsa kafin ta ba shi dukiyarta zuwa Sham. Duk da haka ta haɗa shi da yaronta Maisara, wanda ya dawo ya ba ta labarin abin da ya gani a tafiyar.

Sayyidina Umar kuma, an ruwaito wani ya zo zai yi wa wani shaidar kirki a gabansa. Sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Sai ya nuna masa cewa ganin mutum a masallaci kaɗai bai isa a ce an san shi ba. To mu fa? Mun ga mace a wurin taro da anko da guɗa, mun ce mun san ta.

Su ma Turawa da suka yi bincike, nan suka ɓullo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin saman Amurka suna ta yaye matuƙan jirgi, wasu su yi kyau wasu su faɗi. In an tambayi malamansu dalili, sai su ba da amsar da ba ta da kai, wai wane ba shi da basira. Wani masani mai suna John Flanagan ya ce a daina wannan, a riƙa kawo takamaiman abin da mutum ya yi, a wace rana, a wane hali. Ya wallafa wannan hanya a 1954. A 1982 wani malamin jami'a a Kanada, Tom Janz, ya gwada ta a wajen intabiyun ɗaukar aiki, ya ga tambayar abin da mutum ya taɓa yi ta fi hirar kara-zube nuna wanda zai yi aiki da kyau. A 1998 masana biyu, Schmidt da Hunter, suka tattara binciken shekara 85, suka tarar intabiyu mai tsari, wanda ake yi wa kowa tambaya iri ɗaya a ba da maki, ya fi wanda ake yi yadda aka ga dama. Da wasu masana suka sake bitar lissafin a 2022, intabiyu mai tsarin ne ya zo kan gaba a cikin hanyoyin tantance ma'aikata. Manyan kamfanoni da shi suke aiki yau. Mu da muke da shi a tarihinmu tun tuni, mu ne za a bari a baya?

*Mataki na farko: a san aikin kafin a nemi mai shi*

Kafin ku kira kowa, ku zauna ku uku ko huɗu ku tambayi kanku: a zaɓen da ya wuce, wace ejan ce ta burge mu, kuma me ta yi? Wace ce ta ba mu kunya, kuma me ta yi? Kar ku ce "tana da kirki". Ku faɗi abin da ta yi. Daga nan za ku fitar da halaye huɗu ko biyar da aikin yake bukata.

Mu ɗauki ejan. A zaɓen 2023 ƙarfe 8:30 na safe aka tsara buɗe rumfa, a rufe layi 2:30 na rana, amma duk wanda yake kan layi sai ya jefa. Sannan a ware ƙuri'u, a ƙirga a bainar jama'a, a cika takarda, ejan-ejan su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS, a wuce wurin tattara sakamako na mazaɓa. Wani wurin sai dare ya raba. Ashe ke nan muna neman mace mai juriya, mai amana in an nuna mata kuɗi, mai iya magana a gaban maza ba tare da zagi ko kuka ba, mai iya karatu da lissafi, mai ba da rahoto a kan lokaci. Biyar ke nan.

Ma'aji halayenta daban. Mai shiga gida-gida nata daban, ita haƙuri da iya lallashi ne kan gaba. Kar a auna kowa da mudu ɗaya in aikinsu ba ɗaya ba ne.

*Mataki na biyu: kowane hali da tambayarsa*

Ku rubuta tambayoyin a takarda, kuma duk masu neman aiki ɗaya a yi musu tambaya ɗaya. Ga misali.

A kan amana: "Ba mu labarin lokacin da kuɗi ko kayan mutane suka zauna a hannunki, sai wata bukata ta taso miki, ko wani ya matsa miki ki taɓa. Yaya kika yi?"

A kan juriya: "Faɗa mana wani aiki da kika ɗauka, ya zo ya fi yadda kika zata wuya, wasu suka gudu. Ke me kika yi?"

A kan tsayawa a kan gaskiya: "Akwai ranar da wani wanda ya girme ki, ko ya fi ki muƙami, ya yi kuskure a gabanki? Yaya kika gaya masa?"

A kan rikici: "Ba mu labarin wata rigima da ta tashi a wurin da kike, biki ne ko layin ruwa ko asibiti. Mene ne naki a ciki?"

A kan kuskure: "Faɗa mana wani abu da aka ba ki ya lalace a hannunki. Wa kika fara gaya wa, kuma yaushe?"

Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta da kyau. Matar da ta ce ita ba ta taɓa kuskure ba, ko dai ba ta taɓa aiki ba, ko ba ta faɗin gaskiya. Wadda muke nema ita ce wadda in abu ya ɓaci ƙarfe uku, ƙarfe uku da minti biyar mun ji.

*Mataki na uku: ƙafa huɗu na labari*

In tana ba da labari, ku saurari abu huɗu. Na ɗaya, wane hali ake ciki, a ina, yaushe? Na biyu, wane nauyi ne a kanta ita? Na uku, wane mataki ta ɗauka da hannunta ko da bakinta? Na huɗu, yaya aka ƙare? Labari kamar kujera ne 'yar tsugunne, in ƙafa ɗaya babu, ba ya zaunuwa. Wadda ta ɓace sai ku tambaya: "Sai aka yi yaya?" "Ke me kika ce?" "Su wa suke wurin?" "Daga baya fa?"

Bari in kwatanta muku. A ce mata biyu ne, an yi musu tambayar amana.

Ta farko ta gyara mayafi ta ce, "Haba Hajiya, ni ai kowa ya san ni a unguwar nan. Ni ba na cin haram. Ko miliyan aka ba ni, wallahi yadda aka ba ni haka za a same ta." Magana ta yi daɗi. Amma me muka samu? Babu rana, babu wuri, babu mutum. Sai ku ce, "Madalla. Ba mu misali ɗaya." In ta sake komawa "ai ni kullum haka nake", ku sake tambaya sau ɗaya cikin ladabi. In babu, ku rubuta babu.

Ta biyu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni dai ban taɓa aikin ofis ba. Uwar adashi ce ni, mu goma sha biyu, duk Juma'a. Bara da damina yarona ya kwanta asibiti, ga kuɗin kwasar wata a hannuna, saura kwana biyu ta ɗauka. Ƙanwar maigidana ta ce in taɓa in mayar daga baya. Na ƙi. Na kai zannuwana biyu wurin dillaliya, na kira mai kwasar na ce ta zo ta karɓi kuɗinta tun yau, don kar zuciya ta rinjaye ni. Ta zo ta karɓa, har ta ranta mini wani abu a ciki da kanta." Kun ji? Ga hali, ga nauyi, ga mataki, ga ƙarshe. Kuma ga mutanen da za a iya tambaya.

Wace za ku ba akwati? To amma ku faɗi gaskiya, a yadda muka saba, wace muke ba?

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu mu Hausawa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya, mace ba ta yabon kanta. Za ku ji tana "muka yi, muka je, aka samu". Wata tana faɗin "mu" don kawaici, alhali ita ta yi komai. Wata kuma tana ɓuya ne a cikin "mu", alhali tana gefe tana kallo. Maganinsa ɗaya: "A cikin wannan 'mu' ɗin, ke wanne kika yi?" Ku gaya mata tun farko cewa nan ba wurin alfahari ba ne, shaida ce ake nema, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ta yi shiru tana tunani, ku ƙyale ta. Kar wata ta yi caraf ta amsa mata.

*Mataki na huɗu: maki, kowa a ɓoye*

Mutum uku su zauna tantancewa, kada ya zama mutum ɗaya. Kowace da takardarta. Kowane hali a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Ɗaya, ba ta kawo misali ba. Uku, ta kawo misali amma nata a ciki kaɗan ne. Biyar, misali cikakke, ita ta ɗauki matakin, kuma ana iya bincikawa. Ku rubuta abin da ta faɗa, ba yadda kuka ji a ranku ba.

Kowace ta rubuta makinta kafin a buɗe baki. In an zo tattaunawa, ƙaramar cikinku ta fara faɗin nata, babba ta zo ƙarshe. Me ya sa? Kun san halinmu. In Hajiya babba ta ce "yarinyar nan ta yi", wa zai ce ba ta yi ba? Sai a zama mutum uku a zaune, amma kai ɗaya ne ya yi tunani.

In 'yarki ce ta shigo, ko ƙanwarki, ko matar ɗanki, ko wadda kuke gaba da ita, ki tashi ki ba wata kujerar har a gama da ita. Wannan ba raini ba ne, kare mutuncinki ne.

*Mataki na biyar: gani ya kori ji*

Labari kaɗai bai isa ba. Ejan a ba ta gwaji na minti biyar. Ku zana takarda irin ta sakamako, ku sa lambobi, ku saka kuskure ɗaya da gangan, misali jimillar ƙuri'u ta fi yawan waɗanda aka tantance. Ku ce ta duba. Ku ce ta ɗauki hotonta da waya ta tura wa sakatariya, a ga ko lambobin suna karantuwa. Ma'aji a ba ta lissafin shiga da fita na wata ɗaya ta haɗa.

Sannan ku ce ta ba ku mutum biyu da suka ga abin da ta ba da labari. In kun je wurinsu kar ku ce "yaya halinta?" don za a ce muku "ba ta da matsala". Ku ce, "An ce kun yi adashi tare bara, yaya kwasarki ta kasance?" Ita ma mai shaidar labari za ku nema a wurinta.

*Tambayoyin da na san suna ranku*

Wata za ta ce, to matan da ba su yi boko ba, ba su taɓa aiki ba fa? Ai wannan hanyar su ta fi taimaka wa. Takarda ba ta nuna amana. Matar da ta riƙe adashi shekara biyar ba a taɓa jin kanta ba, wadda ta yi uwar biki ta ciyar da ɗaruruwa ba a yi gori ba, wadda ta yi aikin rigakafin shan inna gida-gida aka rufe mata ƙofa ta koma washegari, wadda take tara kuɗin makarantar Islamiyya, wadda ta yi jinyar uwar miji wata shida, duk suna da labarin da za su ba mu. Inda aiki yake bukatar karatu, kamar ejan da sakatariya, dole sai mai karatu. Inda ba ya bukata, kada mu sa shi sharaɗi mu kori gwanaye.

Wata za ta ce, in ta shirya ƙarya fa? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Labarin ƙarya yana da kai, ba shi da ciki. Ki tambayi ranar, ki tambayi wa ya fara magana, ki tambayi inda aka zauna. Wadda abin ya faru da ita ƙara buɗewa take yi, har ta tuno abin da ta manta. Mai ƙirƙira kuwa gajarcewa take yi, ta fara fushi.

Wata za ta ce, mutum ba ya canzawa ne? Yana canzawa, ƙofar tuba a buɗe take. Shi ya sa abin da ta yi bara ya fi wanda ta yi shekara goma nauyi, kuma abin da ta maimaita ya fi wanda ta yi sau ɗaya. Wadda ta taɓa tuntuɓe ta gyara, a fara ba ta ƙaramin aiki a gani. Yarinyar da ba ta da tarihi tukuna, a haɗa ta da babba ta koya. Haka ake gina na gobe.

Sai babbar tambaya: in Alhaji ko Honarabul ya aiko da suna fa? Wannan zai faru, kar mu yaudari kanmu. Amsar ita ce, "Ranka ya daɗe, mun karɓa hannu biyu. Ta zo ranar Talata ta zauna kamar kowa." In ta ci, alhamdu lillahi, ba wanda zai ce alfarma ce. In ba ta ci ba, ga takarda, ga maki, ga sa hannun mutum uku. A gaya masa cikin girmamawa cewa ƙuri'arsa muke tsarewa. Ɗan takarar da yake son ya ci zaɓe zai gane. Kuma sai a duba mata wani aikin da ya dace da ita, don jam'iyya ba ta korar kowa. Amma wannan sai mun haɗa kai. In Kaura ta tsaya, Kwarbai ta sassauta, to an karya mu duka.

Akwai kuma abin da ba ruwanmu da shi. Kar a tambayi mace me ya fito da ita daga gidan miji, ko ita ce ta nawa, ko me ya sa ba ta haihu ba, ko wace ɗariƙa ko ƙungiya take bi, ko iyayenta 'yan asalin birni ne ko zuwa suka yi. Ba shi da alaƙa da tsaron akwati. Abin da za a tambaya, kuma a tambayi kowa, shi ne: "Aikin nan yana iya kai wa dare. Kin shirya da mutanen gidanki? Wa zai riƙe miki yara?" Kuma duk abin da mace ta faɗa a ɗakin nan amana ne. In na ji labarin wata ya fita zuwa gidan suna ko guruf ɗin WhatsApp, wallahi mun ci amanar da muke tantance wasu a kanta.

Mu ma akwai namu nauyin. In mun zaɓi mace mai amana, kar mu bar ta a rumfa tun safe babu ruwa, babu abinci, babu kati a waya, alawus ɗinta kuma a ce sai bayan zaɓe. Wanda ya bar ejan da yunwa shi ya buɗe wa mai saye ƙofa.

*Kafin in zauna*

Duk wadda ta bi ta Ƙofar Gayan ta ga asibitin da aka sa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta rasu a 2001, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi dogon karatun boko ba. Ta shiga NEPU tana yarinya, ta shugabanci matan jam'iyyar, an ɗaure ta har sau 16, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa. Sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan 'yancin, suka yi babban zaɓensu na farko a 1979. Da a ce irin tantancewarmu ta da aka yi mata, ta "'yar wa ce" da "wa ya aiko ta", da wataƙila ba ta shiga lis ba. Amma da an ce mata, "Ba mu labarin ranar da kika tsaya a kan gaskiya aka matsa miki", da sai dare ya yi ba ta gama ba.

Yau a Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023, cikin kujeru 109 mata huɗu ne kacal. Muna neman a ƙara mana gurabe, kuma haƙƙinmu ne. To hujjarmu mafi ƙarfi ita ce a ga ɗan abin da yake hannunmu mun ba waɗanda suka cancanta. Akwai irin su Gambo a cikin lungunan nan, suna daka, suna kitso, suna sayar da ƙosai. Ba za mu gan su ba sai mun canza tambaya.

Ga aikin da za mu tafi da shi. Kowace mazaɓa ta fitar da mata uku masu tantancewa cikin mako biyu. Ku zauna ku rubuta halaye biyar da tambaya biyar na kowane aiki, ku kawo wa sakatariya mu daidaita su, don tambayar Dambo ta zama ita ce ta Limancin Kona. Ku fara gwadawa a junanku kafin ku kira kowa, za ku ji yadda abin yake a jiki. Kuma kar mu jira ƙurarren lokaci. Dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi a miƙa sunayen ejan-ejan da hotunansu aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, kuma gaggawar cika wa'adi ce ta sa muka yi lis ɗin dare ɗaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wadda na ɓata wa rai ta yafe mini, da kaina na fara. Allah ya ba mu ikon ba da amana ga masu ita. Allah ya zaunar da Zazzau lafiya, ya zaunar da Jihar Kaduna da Najeriya lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sanarwa: shugabannin mazaɓu su turo sunayen mata ukun nan ta wannan layin. Mai tambaya ta turo a rubuce ko ta murya, za a haɗa a amsa a zama na gaba in sha Allah.